Rumfar Inna Rahamatu

Shekara bakwai itacen inabin nan ya yi a tsakar gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda yana shan ruwa a banza. Ganye kam ya yi, har ya lulluɓe rumfar da Baba ya kafa masa, amma ɗa ko na rantsuwa babu. Innata Rahamatu ce ta kawo reshensa daga Ɗa'ifa, shekarar da ta je wankau gidan wasu Larabawa. Ni Mastura na tsani itacen, ba zan ɓoye ba. A Jidda a wancan lokacin, sayen ruwa ake yi wurin masu jakuna, amma ruwan alwalar gidan kaf nasa ne, wani lokaci har da na sha.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Inna, muka mayar da shimfiɗarta ƙarƙashin rumfar, domin ɗakinmu na kwano ba ya shiguwa da rana. Wata safiya ta ɗaga kai ta dubi ganyen, ta ce wa Baba:

"Malam, ashe zan tafi ban ɗanɗana abin da na shuka ba."

Baba, Malam Ubale, manomi ne tun daga ƙasar Daura, a ƙafa ya zo Hajji bai koma ba. Maganar ta soke shi. Da sanyi ya shigo ya ce in shirya, mu je Ɗa'ifa mu tambayi masu abin.

Muka hau babbar mota, muka isa wata gonar inabi da wani tsoho Bahaushen Sudan, Abdulghaffar, yake kula da ita. Muna shiga Baba ya yi turus. Layi-layi na kututture tsirara, babu ganye ko ɗaya, rassa tuli a ƙasa.

"Wane azzalumi ya yi maka wannan ɓarna?" in ji Baba.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ni ne azzalumin, ya Hajji. Naka fa, yaushe ka yanke shi?"

"In yanke? Ɗanyen ice mai ba da inuwa? A garinmu wanda ya yi haka sai a yi tir da shi."

"To, halas, shi ke nan, ka ci ganye. Inabi ba ɗorawa ba ne. Da sanyi ake aske shi, a bar idon toho biyu a kowane reshe, a hana shi ruwa har ya ji tsoro. Bayan wata biyar ka ci."

Ya kama hannun Baba ya nuna masa inda wuƙa take bi. Muka kamo hanyar gida, Baba yana ta juya maganar. Shekara bakwai yana tattalin abu, ashe tattalin ne ya hana shi haihuwa. Ni kuwa abin da ke cina daban ne: in aka aske itacen, ina Inna za ta kwanta idan zafi ya dawo?

Da muka iso gida na faɗa wa Baba haka a gabanta, da ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba. Inna ta bari na gama, sannan ta ce:

"Yanke, Malam."

Ya yanke. Ya bi yadda aka koya masa. Muka rataya buhuna a kan rumfar, sai dai buhu ba ganye ba ne, zafin ratsa shi yake yi. Sabon toho ya fito a hankali, rana kuwa ba ta jira shi ba. Inna tana haki, ina yi mata fifita, ina jin haushin Baba, ina jin haushin tsohon Ɗa'ifa, har ita kanta ina jin haushinta.

A wata na uku sai ga nono huɗu na inabi sun rataya, 'ya'yan ƙanana kamar ƙwayar dawa. Inna ta sa aka juya mata matashi don ta riƙa ganinsu. Kullum sai ta tambaya ko sun fara laushi, kullum Baba ya taɓa ya ce saura kaɗan.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, suna nan kore shar.

Kwana ashirin da uku bayan haka suka nuna. Baba ya tsinke su, ya wanke, ya sa a faranti, ya ce in kai wa maƙwabta sadaka. Aka ce min sun yi zaƙi. Ni ban ɗanɗana ba, shi ma haka.

Da sanyi ya zagayo na ɗauko masa wuƙar. Ya karɓa, ya juya ta, ya mayar cikin ɗaki. Ya ci gaba da zuba wa itacen ruwan alwalarsa sau biyar a rana. Kafin zafi ganye ya sake lulluɓe rumfar, inuwa ta dawo lumshi kamar dā. Nan yake zama da azahar, a gefen inda shimfiɗarta take, bai taɓa matsawa tsakiya ba.