Kuɗin Ikilima Ba Su da Haraji

Sai da Ikilima ta yi wata bakwai a ƙasa kamfanin inshora ya tuna da ita. Makarantar kuɗin da take koyarwa a Kazaure ta yi wa malamanta inshorar rai, abin da mijinta, Malam Jalaluddeen, ya sha yi wa dariya tana raye. Yanzu ga takardar biya ta iso da sunansa, an ma rubuta shi daidai, abin da gwamnati ta kasa a shekara talatin da biyar da ya yi yana koyar mata da 'ya'yan mutane.

Ranar da ta rasu, shi ya tuƙa babur ɗin da suka hau. Daga Gwiwa suke dawowa, gaishe da mahaifiyarta, tana baya riƙe da gefen rigarsa kamar kullum. Kafin Roni garken shanu ya keto hanya, ya taka birki da ƙarfi a kan yashi. Shi ya tashi da kurjewa a hannu. Ita ba ta tashi ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, shi ma ya ce haka ne. Amma har yau idan ya hau babur sai ya ji bayan babur ɗin ya yi nauyi, rigarsa ta ɗan ja ta dama.

Illar karatu ke nan, mutum ya san abin da maƙwabtansa suka huta da saninsa. Ya karanta a fiƙihu cewa wanda ya yi kisa bisa kuskure yana gadon dukiyar mamaci, amma ba ya taɓa diyyarsa. To, kuɗin nan mene ne? In guminta ne, dukiya ce, yana da rabo kamar kowane miji. In kuɗin ranta ne, hannunsa bai cancanci ko kwabo ba. Ya tambayi malamai biyu, suka ba shi amsa uku. Sai ya nufi waɗanda ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, ma'aikatan haraji. Duk abin da ya amsa sunan samu, ba ya wuce su. In sun ciri nasu a ciki, to dukiya ce.

A ofishin ya tarar da Ɗayyabu, tsohon ɗalibinsa, ya yi tumbi.

"Malam! Ku da kanku? Ai da aike kuka yi na zo."

"Da ka zo bayan babbar salla, yadda kake kawo aikin gida. Duba min wannan. Nawa za ku cire?"

Ɗayyabu ya karanta, ya yi gaisuwar rashi, sannan fuskarsa ta washe irin ta mai albishir.

"Ko sisi, Malam."

"Sake dubawa. Ba ka taɓa cin lissafi a karon farko ba."

Ɗayyabu ya yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, inshora iri-iri ce. Ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone, aka biya shi ribar da ta kuɓuce masa, wannan samu ne, muna ciki. Naku kuwa na mutuwa ne. Ba albashi ba ne, ba riba ba."

"Daga aikinta ya fito. Shekara goma sha ɗaya tana shaƙar alli."

"Aikin ne ya sa aka yi mata inshorar, amma ba ladan aikin ba ne. Da ta ajiye aiki lafiya, babu mai biyan wannan."

"To, na mene ne?"

"Na ranta, Malam. Kamar diyya dai, a ce."

Ya faɗe ta ne yana neman murfin bironsa. Malam Jalaluddeen ya ji rigarsa ta ja ta dama, a nan cikin ofis, fanka tana juyawa.

"Cire wani abu, Ɗayyabu. Ko kaɗan ne."

"Malam, a wane rasidi zan rubuta? Wallahi tunda na kama aiki ban taɓa ganin wanda ya roƙi a cire masa haraji ba. Ku je ku ci halaliyarku."

Ranar da kuɗin suka shigo ya ciro su duka, ya shiga motar haya zuwa Gwiwa. Allah bai ba su haihuwa ba, magada daga shi sai tsohuwa sai ƙanin Ikilima, Yakubu. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin surukarsa, ya miƙa wa Yakubu ƙullin kuɗin ya shigar mata.

Daga bayan labule tsohuwa ta ce, "Malam ya cire nasa?"

"Ba ni da rabo a ciki, Inna."

"In ji wa?"

"An duba min."

Tsohuwa ba ta yi boko ba, amma 'yar liman ce, ta san mijin da ake hana wa rabo. Ya jira ta yi masa musu, ta ce ya bar wannan zance. Sai ya ji motsin tabarma, ana tura ƙullin ƙarƙashi.

"Yakubu," in ji ta, "raka Malam tasha, kada mota ta wuce shi."

Shekara ashirin yana zuwa gidan nan, bai taɓa fita ba a ce ya tsaya a sauke tuwo ba.