Laka a Salansa

Akori-kurar Ɗantani ba ta buƙatar ham. Tun daga Achika ake sanin ta taso, don hayaƙinta ke riga ta shiga Wudil. Kwatsam sai ga masu awon hayaƙi an girke a bakin gada, duk motar da ta wuce ƙa'ida a rubuta ta, a ajiye ta, wai hayaƙin ne ke ɗumama duniya. Ɗantani ya ce shi dai a ɗumame ya same ta. A baki ke nan. A zuci kuwa mafita yake nema, domin da wannan gwangwanin yake ciyar da gida.

Ranar kasuwa ya ɗebo laka a bakin kogi, ya cusa wa salansar motar, ya danne da tsumma. Ya tada mota, ya leƙa baya, tas! Har da yi wa kansa kirari.

Gogan ya manta bututun duk ɓula ne, haka ma ƙasan motar. Kafin ya kai gada hayaƙi ya fara tasowa ta tsakanin ƙafafunsa. Maza ya ɗage dusassun gilasansa, kada ya fita ya tona masa asiri.

Mai awon kuwa ashe Mudassir ne, ɗan amininsa, mai ladabi har ya yi yawa. Maimakon ya auna ya sallame shi, sai ya rusuna a jikin ƙofa ya kama gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi uwargida Inna Hansai da ciwon ƙafarta, ya tambayi gona, ya dawo kan gajiya. Ɗantani na ta gyaɗa kai, baki gam, ido jajir, hawaye na zuba. Da Mudassir ya hangi hawayen, sai ya ɗauka rasuwa aka yi, ya soma ta'aziyya.

Nan numfashi ya ƙare. Ɗantani ya banko ƙofa ya faɗo, hayaƙi ya biyo shi kamar an buɗe gidan burodi. Ya yi tari har ya zauna daɓas a kwalta.

"Mudassir," ya ce da ƙyar, "wannan abin nake ɗura wa na bayana kullum?"

"Shi ne, Baba. Kunyarka ake ji."

Ɗantani ya dubi motar, tausayin kansa ya kama shi. Ya ce wa Mudassir ya shiga ya kashe ta ya zare makullin, amma ya toshe hanci tukuna.