Saƙon Mai Walda

Ranar Talata ce. Tun hantsi hadari ya haɗu ya yi baƙi, zuwa azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune ni kaɗai a shagon Yayana, ina kallon yadda masu babur suke rige-rigen shigowa barandarmu su fake.

Hayar kayan sauti Yaya yake bayarwa: lasifika, makirfo, amfilifaya, janareta. Barandar shagon tana da faɗi, kuma a can sama, ƙarƙashin kwano, ya ɗaure wata baƙar lasifika mai fuskantar titi, wadda yake sa waƙa da talla a cikinta da safe. Ɗakin baya kuwa ni na mamaye shi. Na jingina tsofaffin katifu a bango, na ɗora miksar Yaya, na'urar haɗa sauti, a kan tebur, na haɗa ta da tsohuwar kwamfutar da ɗan kawunmu ya bar min, na shiga faɗa wa kowa cewa na buɗe situdiyo. Tun da na ajiye makaranta na taɓa gyaran waya, na taɓa aski, na taɓa bin mota, ba wanda na daɗe a ciki. Yaya yakan ce ko kujera ba ta sanin ɗumin jikina. Wannan karon na rantse masa zan zauna.

Ranar ya tafi kai kaya wani taro, ya haɗa har da ƙananan lasifikun da nake sauraron aiki da su a ɗakin.

Ruwan na tsaka da zuba sai ga Mai Walda ya tsallako titi, ya rufe kansa da kwali. Shagonsa yana kallon namu. Ƙaton mutum ne, hannayensa duk tabon wuta, kuma yana da in'ina mai nauyi, shi ya sa ba ya yawan magana. Da guduma yake kiran yaran shagonsa: ya buga ƙarfe sau ɗaya, su zo, ya buga sau biyu, su san sun yi ɓarna. Kaf layinmu ba mai yi masa wargi.

Ya wuce mutanen baranda bai kalli kowa ba, ya tsaya a kaina.

"Sannu da zuwa, Baba. Yaya ba ya nan."

"K-kai nake nema."

Ya yi min nuni da ɗakin baya. Muka shiga, shi da kansa ya tura ƙofa.

"An ce kana iya y-yanke magana."

"Wace irin yankewa, Baba?"

Ya nuna bakinsa. Sai na gane.

Da ƙyar ya fitar da labarin. Sun yi faɗa da matarsa, maganar ta maƙale masa a wuya, haushi ya sa ya doki ƙofar ɗaki har ta ɓalle. Ita kuwa ta kwashi yara ta tafi gidan wanta. In ya kira ta, kafin kalmar farko ta fito ta kashe wayar. Ya gwada tura mata saƙon murya, amma duk wanda ya saurara sai ya goge. So yake in ɗauki maganarsa, in ciccire wuraren da yake maƙalewa, ta ji shi sau ɗaya yana magana sumul kamar kowa.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Baba," na ce. "Ko mawaƙa haka muke yi musu."

Ban taɓa yi wa mawaƙi ko ɗaya aiki ba.

"B-ba wanda zai ji?"

"Daga ni sai kai sai ita. Ka ga katifun nan? Ko ihu ka yi ba ya fita."

Na zaunar da shi, na miƙa masa makirfo. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa kamar zai yi tartsatsi. Na soka wayar miksa a jikin kwamfuta, na danna jan maɓalli, na ɗaga masa hannu.

"M-m-maman yara," ya ce, sai ya tsaya.

"Ci gaba kawai, Baba. Duk zan share."

Ya ci gaba. Ya ce ya gyara ƙofar, ta ƙarfe ya sa, wadda ko shi ba zai iya ɓallawa ba. Ya ce burodi yake ci safe da yamma. Ya ce ya ga takalmin ƙaramar 'yarsu ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ya rasa inda zai ajiye shi. Ni dai na kafe idona a kan allon kwamfuta, inda muryarsa take zana koren layi mai hawa da sauka. Da ya zo kan cewa gidan ya yi masa girma, kalmar ta ƙi fita. Ya yi ta kokawa da ita, ya yi ta kokawa, daga nan sai kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa jin babban mutum yana irin wannan kukan ba. Na rasa inda zan sa kaina, na shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Da ya nitsa ya share fuska da gefen rigarsa.

"Sa in ji."

Na soka hedifon a jikin kwamfuta, na ɗora a kunnena, na danna. Layin da ke nuna inda ake ya fara tafiya a kan koren zanen. Shiru. Ba abin da nake ji sai ruwa yana dukan kwano.

"Minti ɗaya, Baba."

Na ƙure ƙarar kwamfuta. Shiru. Na cire hedifon ɗin na hura ramin, na mayar. Shiru. Na zare shi gaba ɗaya ko bakin kwamfutar zai yi magana. Ko tari bai yi ba. Na sake mayar da shi kunne. Na rufe manhajar na buɗe, zanen yana nan daram, amma murya babu.

"Y-ya ɓace?"

"Haba Baba, ina zai je? Ga shi nan kana gani. Sanyi ne ya taɓa na'urar."

Zufa ta fara keto min duk da sanyin da nake ɗora wa laifi. Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne kada ya gane ban san abin da nake yi ba. Na juya kan miksa. Akwai wani ɗan maɓalli kusa da inda wayar kwamfuta take shiga, wanda ban taɓa taɓawa ba. Na danna shi. Nan take ƙananan fitilun miksar suka fara tsalle, kore, kore, rawaya.

"Yauwa! Ka gani? Ta iso nan."

Ta iso, amma kunnena shiru. Sai na ce a raina ƙara ce ta yi kaɗan. Na tura babban maɓallin ƙara sama. Fitilu suka kai ja. Shiru. Don in tabbatar, na nemi wurin da zanen ya fi kauri, na ce nan ne zai fi saurin jiyuwa, na sa kwamfuta ta yi ta maimaita shi. Ban tsaya na tuna me ke wurin ba. Wurin kukan ne.

Na bar shi yana juyawa, na durƙusa ƙarƙashin tebur ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mai Walda ya haska min da fitilar wayarsa. Shi kunnensa ya daɗe da yin nauyi saboda guduma da injin yankan ƙarfe, ni kuma ga hedifon a kai, ga ruwa a kan kwano. Har cewa ya yi, "K-ka bi a hankali, ɗan nan, kar wuta ta ja ka."

Sai ruwan ya tsagaita, kamar an rufe famfo.

Shi ya fara ɗaga kai. Na zame hedifon daga kunnena. Ta cikin bango, ta bayan katifun, wata ƙatuwar murya tana shigowa daga waje.

"G-g-g-gidan... g-gidan ya yi min..."

Sai kukan. Sai ta koma farko. A bayanta kuma ga dariyar mutane, har da wani mai bin ta da waƙa yana tafi.

A nan idona ya sauka kan wata baƙar waya mai kauri da ta fita daga bayan miksar, ta bi ta wani rami a bango. Kullum ina ganinta. Ita ce mai zuwa amfilifayar gaba, wadda na bari a kunne tun tallar safe.

Na fizge wayar har miksar ta kusa faɗowa. Muryar ta ɗauke. Dariyar ba ta ɗauke ba.

"Baba, wallahi ban..."

Bai dube ni ba. Ya kashe fitilar wayarsa, ya sa ta a aljihu.

"G-goge."

"Baba, ai yanzu na gano matsalar, in ka ba ni..."

"Goge."

Na goge yana kallo. Ya miƙe. Ƙofa ɗaya ce a shagon, kuma ta baranda take bi. Kafin in ce ya jira su watse, ya riga ya nufe ta. Na bi bayansa kamar wanda aka ɗaure da igiya.

Barandar cike take. Masu babur, tela na kusa da mu, mai gyaran taya, wasu mata biyu da suka dawo daga kasuwa, da yaran shagonsa guda biyu da suka tsallako nemansa. Da ya fito aka yi tsit. Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyar da kai. Tela ya shiga duba ɗinkin hular da ke hannunsa. Amma wani mai babur, wanda ba ɗan layinmu ba, bai san waye ba, ya ce, "Kai, mai situdiyo, sake sa mana! Wane ɗan wasa ne wannan? Wallahi ya iya."

Wani ya taka masa ƙafa. Ƙaramin yaron Mai Walda ya toshe bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. A gefe kuma na hango wani saurayi yana mayar da wayarsa aljihu a hankali, irin na wanda ya gama ɗauka.

Mai Walda ya ratsa su ya shiga yayyafi, ba kwali a kansa. Ya tsallaka titi, ya ja ƙofar shagonsa ya rufe da rana tsaka.

Da Yaya ya dawo da la'asar, tun kafin ya sauke kaya tela ya tare shi. Ya shigo ɗakin baya ya same ni zaune.

"Auta, a ina ka soka hedifon?"

"A kwamfuta."

"A kwamfuta." Ya gyaɗa kai. "In ka haɗa ta da miksa, kwamfuta ba ta ƙara magana da bakinta, duk abin da za ta faɗa ta miksa take turawa. Ga ramin hedifon nan a jikin miksar, yana kallonka kana kallonsa. Nan za ka soka, shi ke nan. Da ka ga fitila tana tsalle, ba ka tambayi kanka ina muryar take zuwa ba?"

Na dubi ramin da yake nunawa.

"Me ya hana ka kira ni?"

"Kar ya ga kamar ban iya ba."

"To yanzu ya ga ka iya." Ya miƙo hannu. "Makullin ɗakin nan."

Da na shiga gida Inna ta riga ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye min abinci ta ce, "Mutumin nan shi ya gyara mana ƙofar gida lokacin rasuwar babanku, ko ruwa bai sha ba." Ta koma ɗaki.

Washegari abin ya gama zaga wayoyin unguwa. Wani ya ɗora masa kiɗa. Kafin yamma ya isa gidan wan matar. Tela ne ya kawo mana yadda aka yi: ta kira Mai Walda da kanta, karon farko tun tafiyarta, ta ce ashe bai ishe shi ya ɓalla ƙofa ba sai ya kai sirrinta titi da lasifika, yanzu ko shagon unguwa ba ta iya zuwa. Ya buɗe baki zai yi bayani, maganar ta maƙale, ta kashe.

Da gari ya sake wayewa na tsallaka shagonsa. Yana durƙushe yana haɗa wata taga, fuskarsa a bayan gilashin walda. Na tsaya har ya ɗaga gilashin.

"Baba, ka ba ni dama in je in faɗa mata ni ne. Ko mu sake ɗauka, yanzu na san inda ake sokawa."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi yaransa da suka tsaya suna jira su ji ta inda zai maƙale. Ya rufe bakin, ya sauke gilashin, ya ci gaba da aiki.

Duk da haka na je gidan wan nata. Wan ne ya fito. Na yi masa bayanin miksa da waya da ramin bango. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To na ji. Kai ne mai lasifikar ke nan." Ya rufe ƙofa.

Ga abin da aka rasa. Saƙo ɗaya, wanda na goge da hannuna, ita kuma ba ta taɓa jin farkonsa ba, inda ya yi maganar ƙofa da takalmin 'yarsu. Kukan kawai ta ji, da kiɗa a kai. Yaro ɗaya daga cikin yaran shagonsa biyu, wanda ya kora ranar da ya kama shi yana kwaikwayonsa. Makullin ɗakin baya. Gaisuwar safe da yake ɗaga min hannu daga tsallaken titi. Matarsa da 'ya'yansa uku, waɗanda har yau suna gidan wanta.