Abawar Inna Kulu

Abin da Inna Kulu ta bar wa 'yarta Murja bai wuce dunƙulen abawa cikin ƙwarya ba, zaren da ta kaɗa da hannunta a damina ta ƙarshe da suka noma auduga a Nahuce. Murja masaƙiya ce a Bungudu, ta yi wa rabin matan unguwa gyale, ita kuwa ko ɗaya ba ta taɓa yi wa kanta ba. Wannan karon ta ce nata ne, za ta riƙa yafa hannun uwarta a kafaɗa.

Sai dai abawar ba ta isa ba. Malam Sabiru, wan mijinta, mai rumfar zare a Gusau, ya ji labari ya aiko da ƙulli guda kyauta, wai auduga ce zalla. Shi fa duk abin da ke fari a rumfarsa auduga ne.

Inna Kulu ba ta taɓa ɗora baƙon zare a masaƙa ba sai ta kai bakinsa ga wuta. Auduga toka take yi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Murja ta yanko ɗan guntu ta nufi murhu, sai ga mijinta Haruna.

"Mi za ki yi? Zaren da Yaya ya aiko za ki kai ma wuta? Maƙaryaci ne ke nan?"

Kunya ta kama ta, ta jefar da guntun a ƙasa. Ta ja zaren Sabiru a tsaye a kan masaƙa, ta riƙa ratsa abawar Inna a ciki, layi bayan layi. Gyalen ya fito sumul, har Wasila maƙwabciyarta ta rantse a Tsafe ma babu irinsa.

Wankin farko ya gama da shi. Abawar ta sha ruwa ta tsuke, zaren Sabiru ko gezau, gyalen ya tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Ta zauna warwarewa ko ta tsira da na uwarta, amma zaren hannu ba ya jure ja, yana ta tsinkewa a yatsunta. Ta yi kuka sosai, kuma haushin kanta ya fi na kowa ci mata rai, don ta san gwajin, murhun ma yana gabanta.

Da Sabiru ya zo gaisuwa ranar Juma'a, ya hango gyalen a kan igiya. Ya taɓa, ya jinjina kai.

"Kin gani ko? Nawa bai motsa ba. Wanga zare na tsohuwa shi ya ɓata miki aiki."

Murja tana durƙushe, idonta a ƙasa, Haruna na tsaye a kanta.

"Haka ne, Yaya," ta ce. "Allah shi saka da alheri."