Ɓauren Mamunatu

Malam Ishaku ya miƙa hannu ya tsinko 'ya'yan fari na bishiyar ɓauren da ke gidansa. Yau dai za a rufe bakin Razak, ɗansa, da ya ishe shi da maganar sare bishiyar don saiwarta ta tsaga katanga.

Mamunatu, matarsa, ta tafi Makka ba ta dawo ba. Can aka binne ta. Jakarta kawai aka kawo masa Zongo, da ƙullin busasshen ɓauren Makka a ciki, tsarabar da ta saya masa. Ko ɗaya bai ci ba. Ya jiƙa su, ya tace ƙwayoyin, ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet har unguwar Tanghin ya ɗebo baƙar ƙasa daga gindin wani tsohon ɓaure, wai ƙasar ɗan'uwa ta fi karɓar baƙo. Tsiro ɗaya ya fito. Shekara da shekaru yana ba shi ruwa, yana korar awaki, kullum da safe yana ba shi labarin gida kamar Mamunatu na zaune.

Da la'asar ya aika aka kira amininsa, Alhaji Ɗantsoho mai goro, don ya fara ɗanɗanawa. Alhaji ya fasa ɗaya. Ƙananan ƙwari suka watse. Ya ɗaga kai ya dubi ganyen, ya sake duban ɓauren da ke hannunsa.

"Yi magana mana, Alhaji. Ko daɗin ne ya ɗaure maka baki?"

"Malam, na ga bishiyar ɓauren Makka a can da idona. Ganyenta a yage yake kamar tafin hannu. Wannan..." Ya goge yatsunsa a riga. "A ina ka samo ƙasar?"

"Tanghin. Gindin ɓauren bakin ruwa."

"Innalillahi! Ai ƙasar nan cike take da irinsa. Shi ya tsiro maka. Namu ne na gida, wanda jemagu ke ci."

"Nata fa?"

"Nata sun ruɓe tun farko. Ka yi haƙuri."

Kai, duniya! Malam Ishaku ya zauna a kan turmi. Bai rage ko ƙwaya ɗaya ba, duk ya zuba. Ashe da hannunsa ya binne abin da ya saura nata, ya koma yana renon bare. Baƙin cikin da ya taso masa ya fi na ranar da aka kawo jakar, don ranar yana da abin riƙewa.

Razak ya matso, ya durƙusa.

"Pardon, Baba. Tunda haka ne, gobe in kawo mai gatari?"

Tsohon ya dubi tsagar katangar, ya dubi bishiyar. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Bar ta," ya ce. "Ita ba ta taɓa ce mini daga Makka take ba."