Sumar Zakaru

A shagon Baba Mai Aski ake yi wa ƙungiyar ƙwallon matasan ƙasa aski, kuma suna da al'ada: daga wasan share fage na farko, aska ba ta taɓa kan kowa sai an fitar da su daga gasa. Ranar da suka dawo, kafin a yi askin, sai a ɗauki hoto a manna a bango.

Surukin Baba, wani tela, ya leƙo da hantsi, ya nuna wani hoto. "Waɗannan tsaf-tsaf ɗin su ne gwanayen, ko?"

Baba ya ce, "Ina fa! Waɗannan ko jakunkunansu ba su gama kwancewa ba aka koro su. Dubi na kusa da madubi, masu suma buzu-buzu. Su suka kai wasan kusa da na ƙarshe, fenareti ta kashe mu."

Bai rufe baki ba sai ga motar ƙungiyar, ana ta ihu. Yaran suka diro ɗauke da kofin nahiya, kowane kai kamar sheƙar tsuntsu. Kyaftin ya faɗa kujera.

"Baba, don Allah a kwashe tas. Mama ta ce da wannan kan ba zan shigar mata ɗaki ba."

Baba ya dubi kofin, sai ya mayar da injin askin aljihun tebur.

"Wa ya fitar da ku? Gasar duniya tana gaba. Tashi, ɗana. Ka ce wa mamarka ta sayo babban mataji."