Famfon Usta Gabir

Shekara ashirin da shida Dakta Rifa'at yana sa mutane barci a ɗakin tiyata na wani asibiti a garin Kena, kuma bai taɓa yarda da komai ba kamar yatsunsa uku a wuyan hannun majinyaci. Sai ga Usta Gabir, makanikin injin ban-ruwa, an kawo shi za a yi masa aikin gwaiwa. Zuciyarsa ta gaji tun bara waccan, aka dasa masa famfo a ƙirji, waya ta fito ta cikinsa zuwa batura biyu a jakar kafaɗa. Famfon ba ya bugawa, zuba kawai yake.

Likita ya lalubi hannunsa. Shiru.

"Kada ka wahalar da kanka, Dakta," in ji Usta. "Matata ma ta daina nema. Kunne take karawa a ƙirjina, in ta ji gurnani ta ɗora shayi."

"Na karanta komai a kan na'urar nan, Usta."

"Allah ya ƙara ilimi. Amma in ta yi kuka, rijiyar ce ta ƙafe. Ka ba ta ruwa. Kada ka doke ta, sai tiyon ya tsinke in tafi."

Ana tsakiyar aiki, na'urar ta ɗau ƙara. Awon jini ya ƙi nuna komai. Yatsun Rifa'at suka kai kansu wuyan hannu, ba su ji komai ba, kuma kafin ya ankara tafukansa biyu sun hau ƙirjin Usta, kafaɗunsa sun tashi zai danna. Ƙarƙashin tafin sai ya ji gurnanin, siriri, kamar injin da ke tsotsar iska.

Ya janye hannu. "Buɗe ruwan nan gaba ɗaya! A sunkuyar da kan gado!"

Leda guda ta ƙarin ruwa ta shige jikinsa, rabin ta biyu, ƙarar ta ɗauke. Likitan fiɗa ya ɗago ya ce, "Gwaninta ke nan." Rifa'at bai musa ba, abin da ya fi damunsa daga baya ke nan.

Bayan la'asar Usta ya farka. "Ta yi kuka?"

"Kaɗan."

"Ka doke ta?"

"Ko tunanin haka ban yi ba."

Usta ya kamo wuyan hannun likitan, yana saurare da yatsu.

"Dakta, taka ce ke ƙwanƙwasawa haka? Zauna, a kawo maka ruwa."